Kama da Wane Ba Ta Wane: Shawara ga Mai Zuwa Birazil Karon Farko

Tambaya: Ni mazaunin Nassarawa GRA ne a nan Kano, kuma ina da gonar shanun madara a bayan gari. Abokan harka sun gayyace ni baje kolin shanu na ExpoZebu da ake yi a garin Uberaba na ƙasar Birazil a ƙarshen Afrilu, kuma tare da maiɗakina za mu tafi. Saudiyya da Dubai da Sin duk na saba da su, amma waccan nahiyar ban taɓa taka ta ba. Me zan tarar, me kuma ya kamata in kiyaye?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a.

A Guangzhou ta Sin, tun daga filin jirgi mutum ya san shi baƙo ne, don haka yake taka-tsantsan. Birazil kuwa ruɗinta daban ne. Za ka sauka ka ga baƙaƙen fata ko'ina, ka ga shinkafa da wake a kowane faranti, ga garin rogo, ga shanu masu tozo, ga shaguna masu sunayen Larabawa. Sai zuciya ta saki, ta ce ai gida aka zo. To a nan ake tuntuɓe, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Shawarata duka a kan abu ɗaya ta taru: duk abin da ya yi maka kama da wanda ka sani, a kansa za ka fi yin tambaya.

Kafin ka bar Kano

Ɗan Najeriya sai da biza. Birazil tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ka nemi takardar gayyata daga abokan harkarka, ka shigar da takardu da wuri. Ka duba katinka na rigakafin zazzaɓin shawara, na Hajiya ma haka, ka haɗa su da fasfo wuri ɗaya.

Birazil tana yamma da mu, Tekun Atlantika ne kawai tsakani, amma daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai ka fara yin gabas, Addis Ababa ko Doha, sannan ka juyo ka yi sa'o'i goma sha biyu ko fiye a sama kafin ka sauka a Guarulhos, babban filin jirgin Sao Paulo. Idan za ka hau jirgin cikin gida, duba tikitinka da kyau. Akwai Guarulhos, akwai Congonhas a tsakiyar birni, akwai Viracopos da ke Campinas, kusan kilomita 100 daga Sao Paulo. Wanda ya ɗauka duk wuri ɗaya ne zai iya rasa jirgi.

Kilishi da dambun nama da goro, waɗanda ba a raba matafiyin Kano da su, a bar su a gida. Ƙasar da arzikinta ke kan noma da kiwo ba ta wasa da abin da ke shigo mata. Jami'an ma'aikatar gona suna ƙwace naman da aka sarrafa a gida, da ɗanyun 'ya'yan itace, da iri. Ganyen shayi na kwali kuwa ka ɗauka, zai yi maka rana. Kuɗin hannu da suka haura dala 10,000 wajibi ne a bayyana su.

Sai babbar magana: kada ka karɓi saƙon kowa, a tafiya ko a dawowa, ko da ƙunshin alawa ne. Hanyar Sao Paulo zuwa Najeriya sananniya ce wajen safarar hodar iblis, kuma jami'an NDLEA sun sha kama masu dawowa daga can. Kanawa ba su manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a 2019 gaskiya ta yi halinta. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ɗauki hoton lambar da aka liƙa wa kowace, ka adana rasit ɗin.

Turanci ba zai kai ka ko'ina ba. Harshen Fotugis ake yi, kuma direban tasi da mai kanti da ɗan sanda, galibinsu ba sa jin wani harshe. Ka saukar da Fotugis a manhajar fassara ta wayarka yadda za ta yi aiki ko babu intanet. In da hali, ka nemi lambar CPF tun daga nan. Lambar haraji ce, ana ba baƙi ma, kuma ana yawan neman ta wajen sayen layin waya ko tikitin mota ta intanet.

Lokaci, yanayi da salla

Sao Paulo da Uberaba suna bayanmu da sa'a huɗu. Idan ka idar da sallar asuba a can, ma'aikatan gonarka sun daɗe da gama tatsar safe. Yanayi kuma a juye yake. Za ka bar Kano ana narkewa a digiri 40, ka tarar can sanyi ya fara shigowa, domin hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta. Ku tafi da rigunan sanyi saboda dare.

Girman ƙasar ma ruɗi ne. Ta ninka Najeriya sau tara. Daga Sao Paulo zuwa Uberaba kusan kilomita 480 ne, zuwa Manaus da ke tsakiyar dajin Amazon kuwa sa'a huɗu ce a jirgi. Babban birnin ƙasar Brasilia ne tun 1960, ba Rio ba. Kada ka cusa garuruwa biyar a mako ɗaya.

Ba za ka ji kiran salla ba. Ƙidayar 2010 ta sami Musulmi kimanin 35,000 ne kawai, kodayake ƙungiyoyin Musulunci na cewa adadin ya fi haka nesa, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Juma'a ranar aiki ce kamar kowace rana. Sao Paulo tana da masallatai, ciki har da Mesquita Brasil a unguwar Cambuci, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar, da masallacin unguwar Pari. A garuruwan cikin ƙasa kada ka sa ran samun masallaci kusa. In Juma'a za ta riske ka, tsara ta riske ka a Sao Paulo. Ka tafi da ƙaramar darduma, ka kuma sake bitar hukuncin ƙasaru da jam'i wajen malaminka.

Alƙibla a Sao Paulo kusan daidai take da ta Kano: gabas, da ɗan karkata arewa. Amma kada ka auna da rana yadda ka saba. A Kano mafi yawan shekara rana ta kudu take bi idan ta take tsaka, can kuwa ta arewa take bi, inuwarka ta faɗi kudu. Wayarka ta fi idonka gaskiya a nan.

Abinci, inda tarkon ya fi yawa

Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman halal. Kajin Sadia da alhazai ke ci a Makka da Madina, daga Birazil sunan ya fito. Amma naman halal ɗin na fitarwa ne zuwa ƙasashen Musulmi. A kantunan cikin gida, sunan Sadia ɗin nan za ka gan shi a kan kayan naman alade. Sunan kamfani ba shaida ba ne, sai ka ga tambarin halal na hukumar tantancewa irin su FAMBRAS ko Cdial.

Haka sunayen Larabawa. Titin 25 de Março, inda Sao Paulo ke hada-hadar sari, 'yan Siriya da Labanan ne suka raya shi, kamar yadda Kwarori suka raya Kantin Kwari. Jikokinsu sun bazu har cikin mulki, tsohon shugaban ƙasa Michel Temer ma ɗan asalin Labanan ne. Sai dai mafi yawansu Kiristoci ne. Don ka ga gidan abinci da sunan Balarabe yana sayar da kibe da esfiha, ba shi ke nuna yankan Musulmi ba ne. Maganar yankan Ahlul Kitabi kuwa malamai sun yi bayani a kai, ka ji ta bakin naka tun kana gida, don kada ka tsaya yanke hukunci da yunwa a cikinka.

Wake shi ne babban tarko. Kowace rana ana cin shinkafa da romon wake, kuma sau da yawa da guntun naman alade ko kitsensa ake dafa waken. Feijoada, abincin da suke alfahari da shi, wanda gidajen abinci a Sao Paulo ke yi ranakun Laraba da Asabar, baƙin wake ne da sassan alade. Farofa, soyayyen garin rogon da ake barbaɗawa a kan abinci, shi ma akan soya shi da alade. Ka rubuta waɗannan kalmomi a takarda ka sa a aljihu, duk alade suke nufi ko abin da aka yi da shi: porco, suíno, bacon, presunto, linguiça, calabresa, toucinho, torresmo, banha. A ƙarƙashinsu ka rubuta: “Não como porco”, ma'ana ba na cin alade. Ka miƙa wa mai kawo abinci. Ba sa jin haushi, sukan ma shiga kicin su tambayo maka.

Abokan harkarka za su kai ka gidan gasshi, wato churrascaria, don karramawa ce a wurinsu. Za a ajiye maka ɗan kati a gefen faranti, fuska ɗaya kore, ɗaya ja. Muddin koren yana sama, samari za su yi ta zuwa da dogayen tsinkunan ƙarfe, su kafa a gabanka, su yanko maka da wuƙa kana kamawa da ɗan matsefi. Na farkon zuwa yawanci linguiça ce, sai kaza da aka naɗe da naman alade, sannan naman sa. Duk a murhu ɗaya aka gasa su. In zuciyarka ba ta kwanta ba, juya katin zuwa ja, ka nufi teburin ganye da kifi. Ya fi kyau tun kafin ranar ka gaya wa mai masaukinka abin da kake ci, don kada ya kashe kuɗi ya ga ka zauna kana kallo.

Mafitarka ta kullum ita ce gidan abinci na awo, wanda suke kira por quilo. Kai za ka zuba abin da kake so, a ɗora farantin a sikeli, ka biya nauyinsa. Ga farar shinkafa, ga kifi, ga ƙwai, ga ganye da 'ya'yan itace. A irin waɗannan wurare da gidajen burodi akan ba ka kati a ƙofa, a kansa ake rubuta duk abin da ka ci. Kada ka yar da shi, sai da shi ake fita.

Giya a wurinsu abin sha ne na yau da kullum, har a cin abincin rana na kasuwanci. In aka miƙo maka kofi mai lemon tsami da ƙanƙara don maraba, caipirinha ce, barasar rake. Ka ce “sem álcool”, a kawo maka lemon guaraná, ko ruwan kwakwa, ko matsattsen lemo. Shayi mai kauri da madara ba al'adarsu ba ce. Gahawa suke sha a ɗan mitsitsin kofi, kuma duk ofishin da ka shiga sai an ba ka. Sannan ba sa taɓa abinci da hannu: sanwic da takarda ake riƙe shi, fiza ma da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci.

Gaisuwa da zama da mutane

Mutanen Birazil suna da sakin fuska da son baƙo, kuma jiki suke sa wa a gaisuwa. Namiji zai rungume ka ya bubbuga bayanka a haɗuwa ta biyu. Mace takan kawo kunci a sumbata, sau ɗaya a Sao Paulo, sau biyu a Rio, kuma maza ma haka suke gaida mata. Wannan zai shafe ka, zai fi shafar Hajiya. Dabarar ita ce ka riga su: tun daga ɗan nesa ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka ɗan sunkuyar da kai, ka yi murmushi sosai. In an tambaya, ka ce addini ne. Suna girmama wannan. Abin da ke ɓata rai shi ne ja da baya da ɗaure fuska bayan mutum ya riga ya matso. Ka roƙi mai masaukinka ya sanar da iyalinsa da ma'aikatansa tun kafin ku iso.

Babu mai ce maka Alhaji ko ranka ya daɗe. Yaron da bai kai ɗanka ba zai kira ka da sunanka na yanka, kuma ba raini ba ne, shugaban ƙasarsu ma Lula kawai suke ce masa. Za ka iya tarar da mace matashiya ita ce likitar dabbobin gonar, ko ita ce mai yanke hukunci a kamfanin. Da ita za ka yi magana, ba da namijin da ke gefenta ba.

Ɗaga babban yatsa yana nufin na gode, to, lafiya lau, komai da komai. Amma haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, alamar da wasu ke yi don cewa daidai ne, zagi ne na batsa a can.

Suturarsu za ta ba ka mamaki, musamman a garuruwan bakin teku, haka rungume-rungumen masoya a titi. Karnuka kuma 'yan gida ne, suna hawa kujera, ana shiga da su manyan kantuna. Ka kawar da kai, ka kuma kama bakinka. Nuna wariyar launin fata laifi ne a dokarsu tun 1989, dokar ta haɗa da cin zarafin addinin wani, kuma a 2019 kotun ƙolin ƙasar ta sa cin zarafin masu neman jinsi a sahu ɗaya da shi. Maganar da za a yi a majalisar unguwa a yi dariya, can tana iya kai mutum gaban alƙali. Wannan dokar ce kuma ke kare hijabin Hajiya da hularka. Za a kalle ku, wasu su nemi ɗaukar hoto da ku, amma yawanci sha'awa ce.

A banki da kanti da filin jirgi akwai layi na musamman ga wanda ya kai shekara 60, da mai ciki, da mai goyo, da naƙasasshe. Dokar 2000 ce ta tanadi haka. In shekarunka sun kai, haƙƙinka ne. In ba su kai ba, babbar riga ba za ta shigar da kai ba.

Banɗaki da lantarki

Kwandon da ke gefen masai na takardar da aka yi amfani da ita ne, domin a gidaje da yawa bututun ba ya ɗaukar takarda. Abin daɗin shi ne banɗakuna da yawa suna da ɗan famfon tsarki na hannu. A waje kuwa, gorar ruwa a jaka ita ce butarka. A ƙananan masaukai za ka ga wayoyin lantarki sun shiga kan shawa, a nan ruwan ke ɗumama. Kada ka taɓa makunnin yayin da ruwa ke zuba. Soket ɗinsu mai ƙananan ramuka uku ne zagayayyu, filoginmu ba ya shiga, sai da adafta. Ƙarfin wuta a Sao Paulo da Rio 127 ne, a Brasilia 220.

Kuɗi da ciniki

Kuɗinsu real ne, kuma kanti ba ya karɓar dala. Babu 'yan canji a bakin titi irin na Wapa, sai shagon canji mai lasisi, da fasfo a hannu. 'Yan ƙasa da Pix suke biyan kusan komai, tsarin tura kuɗi nan take da babban bankinsu ya ƙaddamar a 2020, amma yana buƙatar asusun can. Kai katin asusun dala za ka dogara da shi, da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu.

Lura da rubutun lamba. Inda muke sa waƙafi, su ɗigo suke sawa, inda muke sa ɗigo su sa waƙafi. R$ 1.500,00 real dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A takardar ciniki ta miliyoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan farashin da aka rubuta da manyan lambobi a jikin kaya sau da yawa kason wata ɗaya ne na biya kaɗan-kaɗan. In ka ga “10x” a gefe, ninka sau goma. Ba a taya kaya a kanti, amma kana iya tambayar ragin biya nan take, wato “à vista”. Gidan abinci yakan ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima a kan lissafi.

Tsaro da lafiya

Fizgen waya ya yi yawa a manyan birane, galibi daga masu babur ko keke. Kada ka tsaya a bakin titi kana duba taswira, shiga kanti ka duba. Gwal ɗin Hajiya da agogonka mai tsada su zauna a Kano. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya na otal, ka yawata da kwafinsa. Ka kira mota ta Uber ko 99, kuma kada ka bi taswira cikin unguwar da ba ka sani ba, musamman a Rio. In tsautsayi ya faɗa, miƙa abin da aka nema, kada ka yi gardama. Lambar 'yan sanda 190, ta motar asibiti 192.

Zazzaɓi a can ba lallai ne na cizon sauron da ka sani ba. Maleriya a yankin Amazon ta fi yawa. Abin da ke damun birane shi ne zazzaɓin dengi, wanda ya kama mutum sama da miliyan shida a 2024, kuma sauronsa da rana yake cizo. Ka shafa maganin sauro, in jiki ya yi zafi ka guji asfirin da ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini, ka nufi asibiti. Ka gaya wa likita daga Najeriya ka zo, don ya gwada maleriya, wadda wataƙila daga gida ka taho da ita. Kemis ɗinsu ba ya sayar da maganinta, asibitin gwamnati ke bayarwa bayan gwaji. Tsarin lafiyarsu na SUS yana duba baƙo kyauta, amma inshorar tafiya za ta rage maka jira. Magungunan hawan jini ko sukari ka taho da isassu, da takardar likita.

In lokaci ya samu, je Bahia

Baƙaƙen fatar da ka gani ba baƙi ba ne. Birazil ta karɓi bayi daga Afirka sama da miliyan huɗu, fiye da kowace ƙasa, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888. A ƙidayar 2022, fiye da rabin jama'a sun ce su baƙaƙe ne ko ruwa biyu. Cikin waɗanda aka kai akwai Hausawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804, lokacin da aka riƙa gangarar da kamammu zuwa bakin teku. A 1807 hukumomin Salvador da ke Bahia suka bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla, wasu tawayen suka biyo baya a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, mafi yawansu Yarabawa, suka yi boren da ake kira na Malê. Takardu da layun Larabci da aka samu a jikinsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta jihar.

A Salvador za ka ga mata cikin fararen kaya suna tuya a bakin titi. Acarajé suke kiransa, ƙosai ne da aka soya da manja, a tsaga shi a cusa jatan lande da yaji. Akwai kuma arroz de hauçá, shinkafa da busasshen naman sa, wadda har yau sunan Hausawa take ɗauke da shi. Garin yana da cibiyar Musulunci inda ake sallar Juma'a. In ka ga kasko da gari da kyandir a mararraba, na mabiya addinan da suka samo asali daga Afirka ne. Ka ratse ka wuce, kada ka taɓa.

Abin da ya kai ka

A Uberaba za ka ga Gir da Nelore da Guzerá, shanun da asalinsu daga Indiya aka kai su, da Girolando, haɗin Gir da Holstein wanda shi ke ba ƙasar mafi yawan madararta. Za ka ga saniya mai tozo da hantsa kamar ta Turai, ranka ya biya. A wasu makiyayan ma za ka ga gamba. Ba idonka ke gizo ba: irin da hukumar binciken noma ta Embrapa ta fitar a 1980 da sunan Planaltina, daga Shika ta Zariya tushensa yake. Abin da muka bari a bakin hanya, su suka yi masa bincike suka mayar da shi abincin shanu.

Amma a nan ma a yi tambaya. Ruwan saman da Uberaba ke samu ya kusa ninka na Kano, raninsu bai kai namu tsawo ba, zafinsu bai kai na watan Afrilunmu ba. Kafin ka tambayi lita nawa saniya ke bayarwa, tambayi me take ci a rana, ruwa nawa take sha, kuma nawa take bayarwa a gonar talaka ba a filin baje koli ba. Ka nemi a kai ka gonar da ke yanki mai zafi da fari. Injin tatsa ko na sanyaya madara da za ka saya, ka tabbatar an haɗa shi don wutarmu, domin tasu mai zagaye 60 ce a daƙiƙa, tamu 50. Maniyyin bijimi da ƙwan saniya da irin ciyawa ba a jaka ake kawo su ba, sai da izinin hukumar NAQS tun kafin a ɗauko.

Su ma ba su iya cewa a'a kai tsaye ba. In aka ce maka “vamos marcar”, wato za mu sa rana, ba a kuma sa ranar ba, to babu magana. Cinikinsu da hira yake farawa, ta iyali da ta ƙwallo, kafin a zo kan farashi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Bakano. Sai dai daɗin hira ba yarjejeniya ba ce. Ka ɗauki tafintanka da kuɗinka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da Fotugis sai an fassara maka ita a rubuce, kada kuma ka biya kuɗin kafin alƙalami a filin baje koli, komai ragin da aka yi maka. Ka karɓi lambobin WhatsApp, don da shi suke harka kamar mu, ka dawo Kano ka zauna da likitan dabbobinka da lauyanka, sannan ka yanke shawara.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a abin da za a samo. A gaida Hajiya.